Gini Aka Roƙa, Ungozoma Ake Nema: Nazarin Buƙatar Bayani ta Wani Ɗan Majalisa a Sakkwato

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kujera 30 gare ta, a kan ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244. Duk wanda ya hau ɗaya daga cikin kujerun nan, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora masa yin doka, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan yadda gwamnati ke kashe abin da aka amince mata. Sashe na 128 ya ba majalisa ikon bincike, na 129 ya ba ta ikon kiran mutum ya ba da shaida ko ya kawo takarda. Abin da kundin bai faɗa ba shi ne inda ɗan majalisa zai samo sanin da zai yi wannan aiki da shi. Sharaɗin sashe na 106 shi ne karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, da shekara 25 da haihuwa tun bayan gyaran 2018. Ban ga laifin haka ba, wakilci ba jarrabawar jami'a ba ce. Amma ko farfesa aka zaɓa, in aka aje masa kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka a ƙarshen shekara aka ce ya ba da ra'ayi kafin Janairu, sai ya nemi taimako.

Lamarin da zan warware a nan na wani ɗan majalisa ne a zangonsa na farko, daga yankin gabashin jihar, wajen fadamar Rima. Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne, kuma mun yi makaranta tare, shi ya sa ya neme ni. Na sakaya sunansa da na garin da na ofisoshin da abin ya ratsa, don ba tonon asirin kowa ya kawo ni ba.

Koken da ya iso zaure

Kada wani ya zaci ɗan majalisa yana fama da ƙarancin labari. Tun bayan sallar asuba zaurensa cike yake: mai takardar asibiti, mai neman wa ɗansa aiki, mai katin ɗaurin aure, mai ƙarar an tsallake shi a rabon taki. Wayarsa ba ta hutawa da saƙonnin murya na WhatsApp. Da yamma ga rediyo, da dare ga 'yan jam'iyya. Labari kam ya yi masa yawa. Wanda aka tantance ne babu.

Ana cikin kaka, gab da gabatar da kasafi, ayarin dattawa ya zo daga wata mazaɓa, da wakilin hakimi da shugaban jam'iyya na mazaɓar a gaba. Babban cikinsu ya ce, "Honorabul, ranka shi daɗe, asibitin nan tamu ta mace. Mata na haihuwa bisa hanya. A sa muna ita cikin bajat, a yi muna sabon gini." Bai daɗe da sallamarsu ba sai ga wani saƙon murya yana yawo a wayoyi, wai an sha fitar da kuɗin gyaran asibitin ana cinyewa. Ransa ya ɓaci, ya ƙudura zai miƙe a zauren majalisa ya gabatar da ƙudurin gaggawa. Da ya kira ni, ga abin da ya ce: "Malam, nemo mini nawa aka ware wa asibitin nan, da wanda ya ci."

A aikinmu, kafin ka tashi neman amsa sai ka zauna da mai tambaya ka gyara tambayar. Tasa ta riga ta yanke hukunci cewa an ci kuɗi, saura sunan ɓarawo. Na roƙe shi ya dakata da ƙudurin, mu fara sanin asibitin ta wace hukuma ce, ko sunanta yana cikin kasafi, ko an saki kuɗi, da kuma abin da ke faruwa a cikinta yau. Ya amince ba da son ransa ba, don yana ganin abokin hamayyarsa zai riga shi magana a rediyo.

Abin da takardu suka nuna

Tambayar farko ta fi yadda ake zato wuya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya sa ƙananan hukumomi cikin masu samar da kiwon lafiya. Tsarin haɗe kiwon lafiya na matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, wanda aka amince da shi a 2011, ya mayar da ragamar ma'aikata da gudanarwa hannun hukuma guda a kowace jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta kafa asusu na musamman da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin a samu cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. Bayan waɗannan akwai ayyukan mazaɓu na sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 11 da jihar ke da su, waɗanda kuɗinsu ke cikin kasafin tarayya, ba za ka gan su a kundin jiha ba. Ga kuma ƙungiyoyin agaji. Wato asibitin ƙauye guda tana iya samun rufi daga hannu ɗaya, magani daga wani, albashi daga na uku. Ɗan majalisar jiha da bai san wannan ba zai iya tsayawa ya zargi wanda ba shi da hannu a lamarin, a mayar masa da amsa a jimla ɗaya, ya zauna da kunya. Mutanensa ma su yi asarar damar.

Kundin kasafi mun same shi a intanet. Wannan ci gaba ne da ya kamata a yaba: tun da aka fara shirin Bankin Duniya na SFTAS, mai ƙarfafa wa jihohi gwiwar bayyana yadda suke kashe kuɗi, a 2018, jihohi suka shiga wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi duk bayan wata uku. Sai dai sunan garin bai fito ba. Abin da ke akwai layi ne na dunƙule na gyaran cibiyoyin lafiya, ba tare da jerin sunaye ba, irin wanda ya zama ruwan dare a kasafin jihohi. Daga wannan layi ba mai iya cewa an ware wa wannan asibiti kaza.

A nan na daɗe ina yi wa Honorabul bayani, domin a nan mafi yawan rigimar kasafi ke tasowa. Kasafi ƙiyasi ne da izini. Majalisa ta amince a kashe kuɗi ba ya nufin kuɗin sun shigo, balle a ce an sake su, balle a ce an yi aikin. Jihar da ta dogara da kason wata-wata daga asusun tarayya, in kuɗin shiga suka gaza, albashi ake fara biya, manyan ayyuka su jira. Layi ɗaya na iya maimaituwa shekara bayan shekara ba don an ci ba, sai don ba a taɓa sakin kuɗin ba. Yana kuma iya maimaituwa don an ci. Kundin kasafi shi kaɗai ba zai bambance maka ba. Rahoton wata uku-uku zai nuna jimlar abin da aka kashe, amma ba lallai ya kai ka har ƙauye ba. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha shi ne ya fi kusa da amsa, kuma sashe na 125 na kundin tsarin mulki ya ce ya miƙa shi ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar bayanan Akanta-Janar, kwamitin asusun gwamnati ya duba. Amma shekarar da ta wuce yake bincika. Kafin ya iso, an daɗe da shiga sabon kasafi.

Da muka tara takardun a kan tebur sai wani abu ya fito fili. In ka cire rahoton mai binciken kuɗi, duk sauran daga hannun ɓangaren zartarwa suka fito, wato wanda aka ce ɗan majalisa ya sa wa ido. Tamkar mai sayen gero ne ya tsaya a waje, mai sayarwa ya auna a bayan zana da mudunsa, ya leƙo ya faɗa masa adadi. Ba sai mai sayarwa ya zama maha'inci ba kafin a ce wannan ciniki bai tsaru ba. Sakkwatawa mun ga misalin haka a fili. Binciken gida-gida na ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya gano cewa kashi 3 cikin 100 kacal na yaran jihar ne suka samu zagaye na uku na allurar rigakafin Penta mai kare yara daga cututtuka biyar, a lokacin da alƙaluman da ake tattarawa a ofisoshi a faɗin ƙasar ke nuna adadi mai nisa sama da abin da binciken ya gano. Sakamakon wannan bincike ne ya sa a 2017 aka ayyana matakin gaggawa a kan rigakafin yara a Nijeriya. Ɗan majalisar da ya tsaya a kan rahoton ofis kawai, da sai ya yi ta yabo alhali yara suna zaune ba rigakafi.

Abin da ido ya gani

Na ba da shawara kada Honorabul ya je da kansa. In ya je da jerin motoci, za a share wuri, a tara jama'a, a yi jawabi, ya dawo bai ga komai ba. Ni na tafi, tare da wata ƙanwarsa malamar makaranta, domin na san akwai maganar da ba za a yi a gabana ba.

Asibitin ba ta rushe ba. Rufin kwano sabo ne, akwai faifan sola a sama, firjin allurai yana aiki. A ɗakin haihuwa gadon yana nan da ledarsa ba a ko ɓare ba, ƙura ta kwanta a kai. Incajin wurin, namiji ne ma'aikacin lafiya, ya buɗe mana rajista ba tare da gardama ba. Shafukan awon ciki cike suke, musamman ranar kasuwa. Rajistar haihuwa kuwa, sai ka juya shafi bayan shafi kafin ka ga suna. Shi kaɗai ne sai wani matashi mai aikin sa kai. Da la'asar yake rufewa ya hau babur, don ya isa gari kafin magariba saboda halin da hanya ke ciki, kuma ba wanda ya san yankin da zai ga laifinsa. An taɓa turo ungozoma, ba ta samu wurin kwana ba, ba ta daɗe ba ta nemi canji.

Malamar ta shiga cikin gida wajen wata tsohuwa da ke karɓar haihuwa a garin tun da daɗewa. Daga baya tsohuwar ta fito har bakin zaure ta ce mini, "Ɗana, gini ba ya karɓar haihuwa. Naƙuda da dare taka zakkuwa. In munka tai, mu iske ƙohwa da kwaɗo. Da rana ko, wanda ad ciki namiji na. Ku kawo muna mace ta kwana nan."

Na ce, "Inna, to ai dattawa gini suka roƙa."

Ta ce, "Su anka tambaya."

Wannan amsa ta fi duk takardun da na tara nauyi. Ayarin da ya je gidan Honorabul maza ne zalla. Ba ƙarya suka yi ba, mata suna haihuwa a hanya, asibitin kuma a wajensu ta mutu. Amma sun roƙi abin da suka saba ganin ɗan siyasa yana bayarwa, abin da ake yanke wa ƙyalle a rubuta suna a jikin bango. Waɗanda abin ya shafa kai tsaye ba sa zuwa zauren ɗan majalisa da asuba, ba sa cikin zauren WhatsApp na jam'iyya. A jihar da Binciken Lafiya da Al'umma na 2018 ya nuna haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba, ɗan majalisar da ba shi da hanyar jin muryar mata yana yanke shawara a kan lafiya ne da rabin labari. Batun cin kuɗi kuwa, ba mu ga wata shaida da ke goyon bayansa ba, sabon rufin ma ya ƙaryata rabin saƙon.

Shafi biyu

Abin da na kai wa Honorabul shafi biyu ne da Hausa. Yana karanta Turanci sarai, amma da Hausa yake tunani, da ita yake gardama, kuma bayanin da zai tsaya ya kare a gaban jami'ai gara ya zauna masa a harshen da ba ya tuntuɓe a ciki. Sashe na 97 na kundin tsarin mulki ma ya yarda majalisar jiha ta gudanar da aikinta da wani harshen jihar bayan Turanci, in ta zartar da haka. Ya karanta, sannan ya ce in maimaita masa a saƙon murya don ya saurara a mota. Da farko na ga kamar raini ne ga aikin, daga baya na fahimci lokacin da yake da shi ke nan.

Matsalar ta tashi daga babin manyan ayyuka ta koma babin ma'aikata da albashi, inda ɗan majalisa ba ya ɗaukar kowa aiki kuma ba ya tura kowa ko'ina. Abin da ke hannunsa tambaya ce. A zaman kare kasafi na kwamiti ya tambayi cibiyoyi nawa ne daga cikin na mazaɓu suke da ungozoma mai kwana a wurin, ungozoma nawa za a ɗauka a sabon kasafin kuma a wane layi albashinsu yake, sannan ya nemi a kawo jerin cibiyoyin da layin gyaran nan na dunƙule ya ƙunsa, da waɗanda ke da masaukin ma'aikata. Jami'an ba su zo da waɗannan alƙaluma a hannu ba. Sun nemi lokaci, suka yi alkawarin kawowa a rubuce, kuma sun cika. Sai dai amsar ta iso bayan an zartar da kasafin.

Nan ma tsarin ne ya matse kowa. Sashe na 121 cewa ya yi gwamna ya gabatar da ƙiyasin kasafi a kowane lokaci kafin shigar sabuwar shekarar kuɗi, bai ƙayyade makonni nawa za a bar wa majalisa ba. In kundi ya zo a ƙurarren lokaci, kwamiti zai saurari hukumomi da dama a yini guda, kuma duk tambayar da ba a shirya ta tun kafin zaman ba, ba za a yi ta ba.

Rahoton kwamitin ya ɗauki shawarar a fifita masaukin ma'aikata a gyare-gyaren da za a yi. A garin kuma, kwamitin ci gaban mazaɓa ya gyara wani ɗaki a harabar asibitin, daga baya aka turo ma'aikaciyar lafiya mace, ko da yake ba kullum take kwana ba, tsaron hanya har yanzu shi ke yanke wannan hukunci. Dattawan da suka zo roƙon gini ba su ji daɗi ba. Abokin hamayya ya samu abin faɗa, cewa wakilinsu ya je majalisa ya dawo hannu rabbana. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka sahihin bayani kullum riba yake jawo wa ɗan siyasa. A wannan karon ya jawo masa surutu, kuma na girmama shi da ya daure.

Abin da ya fi damuna

Duk wannan aiki ya yiwu ne saboda Honorabul ya yi sa'ar sanin wani ma'aikacin ɗakin karatu. Bai kamata wakilcin dubban mutane ya rataya a kan sa'a ba. Majalisun da suka daɗe sun gane haka tuntuni. Majalisar Amurka tana da sashen bincike nata tun 1914, ta kuma kafa ofishin nazarin kasafi a 1974 don kada ta dogara da alƙaluman fadar shugaban ƙasa kaɗai. Ba sai an je nesa ba, majalisar Yuganda ta kafa nata ofishin kasafin a 2001. A Abuja akwai cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya ta NILDS, tana horarwa tana bincike, amma ba za ta san wace asibiti ce ke rufewa da la'asar a gabashin Sakkwato ba.

Abin da majalisar jiha ke buƙata bai kai girman waɗancan ba. Mutane kaɗan ne na dindindin, waɗanda ba na kowace jam'iyya ba: mai iya karanta kasafi, mai iya alƙaluma, mai ajiye takardu, da mata a cikinsu waɗanda za su iya shiga gidaje. Aikinsu su amsa tambayar kowane ɗan majalisa a asirce, a gajarce, da Hausa ko Turanci, kafin zama ba bayansa ba. Garin da ke da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta bai rasa masu wannan ilimi ba. Gyaran da aka yi wa sashe na 121 a 2018, aka ƙara ƙarfafa shi a 2023, ya ba majalisun jihohi 'yancin kuɗinsu, don haka majalisa na iya yanke wa kanta wannan shawara. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi. Kayan aiki suna nan, masu riƙe su ake nema.

Ajiyar takardu na ambata da gangan. Kowane zaɓe yana kawo sababbin fuskoki da yawa, kuma wanda ya tafi yakan tafi da abin da ya sani a kansa. In ba a ajiye rahotannin kwamitoci da amsoshin hukumomi a inda sabon zuwa zai same su ba, kowane zango daga farko ake somawa, a sake tambayar da aka yi shekara huɗu da suka wuce. Ga kuma wani giɓi da ya fi ƙarfin majalisar jiha: ƙidayar ƙarshe a 2006 aka yi ta, lokacin da aka ce jihar na da mutum kusan miliyan 3.7. Duk wani lissafi na ungozoma nawa ga mata nawa a kan hasashe yake tsaye. A jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 kusan kashi 91 cikin 100 na mutanenta suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kowace naira da aka kai inda ba a buƙata an ɗauke ta ne daga inda rai ke jiranta.

Amsar da ta iso a makare ba ta tafi a banza ba. Jeri ne na cibiyoyi, mazaɓa bayan mazaɓa, da ma'aikatan kowace da ko tana da masauki. Honorabul ya sa an buɗe mata fayil, kuma da ita zai shiga zaman kare kasafi na gaba, ya gwada abin da aka ce da abin da aka yi. Da wasu abokan aikinsa suka ji labarin jerin, sun aiko a ba su kwafi, kowa yana neman shafin da mazaɓunsa suke.